Filin da Ke Gefen Bashira

A unguwar Waziriyya ta birnin Jidda, a hawa na biyu na wani gidan haya mai matakala ashirin da uku, akwai wani tsoho da ake kira Malam Usuman Mai-Alli. Shi ya ƙirga matakalar ranar da aka hau da shi, kuma har yau bai yafe wa wanda ya gina ta ba. Shekarunsa tamanin da ɗaya a takardar iƙama, wato izinin zaman ƙasa, tamanin da uku a lissafinsa. Abu ɗaya ya daɗe yana nema a duniya, kuma duk wanda ya taɓa zama da shi rabin sa'a ya ji shi: idan ya mutu, a kwantar da shi a gefen matarsa Bashira.

A wani ƙauye kudu da Zariya aka haife shi. Shekara uku ya yi a makarantar mishan ta ƙauyen, saboda ubansa yana so a samu mai karanta wasiƙa a gida. Bai bar addinin ubansa ba ko na yini ɗaya, amma ya fito da abu biyu: rubutun boko mai tsabta, da labarin Annabi Yakubu. Malamar da ke koya musu tana da wani allo da aka lulluɓe da bargo, tana manna masa mutanen takarda. Usuman ya ga Yakubu yana kiwon tumakin surukinsa shekara da shekaru don ya auri yarinyar da yake so. Ya ga 'ya'ya goma sha biyu jere bisa bargon. Wurin da ya fi kama shi kuwa shi ne ƙarshe, inda tsohon yake kwance a Masar, ƙasar da ba tasa ba, ya kira ɗansa ya rantsar da shi cewa zai ɗauki gawarsa ya kai ta kogon da aka binne iyayensa da matarsa. Ɗan kuma ya rantse, ya cika. Yaro ɗan shekara goma ya ji wannan ya ajiye a ransa cewa haka ake mutuwa idan mutum ya haihu.

Yana da goma sha uku ubansa ya ce gabas za su. Suka bi hanyar da mutanenmu suka daɗe suna bi, yau a ƙasa, gobe a bayan babbar mota, ana tsayawa a yi noma a sami guzuri. Suka maƙale a Sudan suna tsintar auduga, uban ya rasu can bai ga Ka'aba ba. Usuman ya shiga gonar wani Bahaushen Sudan mai 'ya'ya mata da yawa, ya yi masa damina biyar, aka ba shi Bashira.

"Annabi Yakubu bakwai ya yi, kuma aka musanya masa amarya," ya kan ce. "Ni biyar na yi, aka ba ni wadda na nuna."

"Ai babu wanda ya nuna ka," in ji Bashira. "Tausayinka aka ji."

Suka ƙetaro teku, suka yi aikin hajji, suka ce baɗi za su koma gida. Suka sami ɗaki a unguwar Karantina a Jidda, ɗakin ya zama biyu, ya zama gida mai tsakar gida da tankin ruwa. A tashar jiragen ruwa aka gano cewa wannan baƙin saurayin yana iya karanta rubutun Turawa da ke jikin akwatuna. Aka miƙa masa alli. Shekara talatin da takwas yana karanta akwati yana shata masa alamar sito da za a kai shi, kuma ya kan faɗa ba tare da kunya ba cewa akwatinsa bai taɓa kwana a siton da ba nasa ba.

A can ya koyi dabarar da ta cuce shi daga baya. Wani tsohon matuƙin jirgin ja-gora ya nuna masa yadda ake shigo da jirgi ta tsakanin duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa. Ba a duban ruwa. Ana neman alamu biyu a tudu, ɗaya kusa, ɗaya nesa, a daidaita su har na kusa ya rufe na nesa. Muddin sun haɗu, kana kan hanya. Usuman ya ga babu hikimar da ta kai wannan. Ƙafa tana ƙarya, ƙwaƙwalwa tana mantuwa, amma gini ba ya tafiya.

Da haihuwa ta zo, sai ya ɗauko jerin sunayen da ya haddace a kan bargo. Da aka haifi ɗan fari, ya ce a sa masa Ra'ubainu.

"Wa?" Bashira ta tambaya daga kan tabarma. "Ɗana ba zai ɗauki sunan da sai an huta a tsakiyarsa ba. Wuce na gaba."

Na gaba a jerin Saminu ne, ta yarda. Aka yi Lawi, aka yi Yahuza. A na huɗu ya gwada Naftali, ta tambaye shi sunan mutum ne ko na maganin tari, suka shirya a kan Ashiru. Daga nan haihuwa ta tsaya shekara tara, sai ga mace. Wannan karon ba a tambaye shi ba. Bashira ta ce Sadiyya. Idan an tambayi Malam Usuman 'ya'yansa nawa, ya kan ce huɗu, sannan ya ƙara da cewa, "da mace ɗaya."

Bashira ta rasu a shekara ta dubu biyu da uku, bayan kwana shida tana zazzaɓi. Da azahar ta cika, kafin la'asar ta wuce an kai ta maƙabartar da ke bayan unguwa. A nan ba a rubuta suna a kabari, ba a gina komai. Dutse a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan, dubu bisa dubu, duk iri ɗaya, a farin fili marar itace. Mata ba sa shiga. Maza suka zuba ƙasa suka fara watsewa. Malam Usuman ya tsaya a kan kabarin ya ɗaga kai kamar yadda aka koya masa. Ta saman katanga ya hango shuɗin tankin gidan Mahamat, wani mai wanki ɗan Chadi, ya rufe hasumiyar ƙaramin masallacin unguwa daidai wa daida. Ya juya hagu, ya ga eriyar gidan burodi ta hau kan kusurwar wani bene mai ruwan ƙasa. Layi biyu, sun gicciye a kan Bashira. Ya sauke numfashi.

Sai ya lura da wani abu. A hannun damanta an bar ɗan fili, faɗin mutum ɗaya, saboda masu haƙa sun ci karo da dutse sun tsallake. Ya dube shi ya ce a ransa, wannan nawa ne.

Shekara goma sha tara yana zuwa kowace Juma'a bayan sallar asuba. Ya bi tanki har ya rufe hasumiya, ya miƙe har eriya ta hau bene, ya yi sallama, ya yi addu'a, sannan ya tsaya a kan filin nasa, ya taka shi, ya tsince ledar da iska ta kawo. Mai gadin maƙabartar, Abdulghaffar, ya saba da shi har yana ajiye masa kujera. Duk sabbin masu haƙa da aka kawo, sai Malam Usuman ya je ya gaishe su ya gaya musu akwai dutse a wurin nan, kada su wahalar da kansu.

Saura rantsuwa. Saminu yana Riyad, Ashiru yana Dammam, Lawi takardunsa sun ƙare ya koma Sudan wurin dangin uwarsa. Yahuza ne kaɗai a Jidda, yana jan tirela daga tasha, kuma a kansa maganar ta faɗa. Haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci ce.

"Kawo hannunka," in ji tsohon wata rana bayan an ci abinci. "A labarin, ƙarƙashin cinya ake sa hannu. Ni na sauƙaƙa maka, sa a tafina."

"Ya Baba, mun sake komawa nan?"

"Ba mu taɓa barin nan ba. Ka ce wallahi a gefen uwarka za ka sa ni."

"Baba, ba zaɓe ake yi ba. Ramin da ke buɗe ranar, shi ne naka. Halas, shi ke nan. Ko ɗan gari haka ake masa, balle mu."

"Yusufu daga Masar ya ɗauki ubansa, da dawakai, da karusai. Kai daga nan zuwa bayan unguwa."

"Yusufu waziri ne, Baba. Ni direba ne. Ko hutu sai kafili, ubangidana, ya sa hannu." Ya sumbaci kan tsohon. "In sha Allahu zan yi ƙoƙari."

"Ban tambaye ka in sha Allahu ba. Na san in sha Allahun mutanen garin nan."

"To ba zan rantse a kan abin da ba ya hannuna ba. Kai ka koya mini."

Sadiyya tana kwashe kwanoni. Ta tsaya kamar za ta yi magana, uban ya miƙa mata kofinsa ba tare da ya dube ta ba, ta karɓa ta fita. Mijinta ya rasu tun da daɗewa, ta dawo gida tana ɗinki, ita ke dafa masa, ita ke tuna masa magani. Bai taɓa sa ta a maganar kabari ba. Me mace za ta sani a kan wurin da ba ta taɓa shiga ba?

Sai aka zo da jan fenti. Wata safiya aka wayi gari an rubuta kalma ɗaya a bangon kowane gida a layinsu: izala, wato rusau. Aka ba da kwanaki. Mutanen da suka yi shekara hamsin suna maƙwabtaka suka shiga ɗaure katifu a kan motoci, wannan ya yi arewa, wancan ya bar ƙasar gaba ɗaya. Ana cikin fitar da kaya Malam Usuman ya zame a bakin ƙofa ya karya ƙugu. Daga asibiti ba gida aka mai da shi ba, gidan hayar Yahuza aka hau da shi, a kan kujera, mutum biyu suna nishi. Wata biyar bai taka ƙasa ba. Kowace Juma'a yana kwance yana duban silin, yana bin tanki da hasumiya a cikin kansa.

Ranar da ya iya sauka da sanda, bai nemi ganin inda gidansa yake dā ba. Maƙabarta ya ce. Yahuza ya kai shi. Abdulghaffar ya rungume shi, ya ce sun ɗauka ya riga su. Tsohon ya wuce shi, ya shiga, ya ɗaga kai.

Sama ce kawai. Babu tanki, babu hasumiya, babu eriya, babu bene. Daga katanga har inda ido ya tsaya, fili ne fetal da tarin ɓaraguzai. Ya juya, ya sake juyawa. Ya yi taku goma ya tsaya. Duwatsu biyu-biyu ta ko'ina, kowanne kamar ɗan'uwansa.

"Ta wannan gefen ne dai, Baba," in ji Yahuza, yana nuni da hannu zuwa wajen kaburbura ɗari biyar.

"Ta wannan gefen! Haka kake kai kaya? Ka ajiye kwantena ta wannan gefen?"

"Shekara goma sha tara kana zuwa, ba ka ƙirga layi ba?"

"Me zan ƙirga? Ina da alama!"

Sai da ya faɗa ya ji yadda maganar ta fita. Shi da ya san matakalar gidan haya, ya san yawan sitocin tasha da lambar kowanne, bai taɓa ƙirga taku daga ƙofa zuwa matarsa ba, don kansa kullum a sama yake.

Ya tambayi Abdulghaffar ko akwai rajista. Mai gadin ya ce shi dai bai tarar da wata takarda ta wancan ɓangaren ba, tsoffin kaburbura ne. Ya ƙara da cewa, cikin ladabi, addu'a tana isa ko daga bakin ƙofa.

"Na sani," in ji Malam Usuman. "Ba addu'a ce ta ɓata ba. Wurina ne ya ɓata."

Juma'a huɗu ya yi yana yawo a filin nan da sanda, yana neman giɓi mai faɗin mutum ɗaya. Ya sami giɓi bakwai, babu wanda zuciyarsa ta amsa. Ya sa Yahuza ya nemo Mahamat a waya don a tambaye shi daidai inda tankin yake, aka ce Mahamat ya koma Chadi. Ya zana taswira a bayan kwalin magani, ya yaga. Ya daina cin abincin kirki. Ya yi faɗa da jikokinsa saboda suna amsa masa da Larabci. Ya yi faɗa da fanka. Da Saminu ya kira daga Riyad yana cewa a yi haƙuri, duk ƙasa ta Allah ce, sai ya miƙa wa Sadiyya wayar ya juya fuska bango.

Ranar Alhamis ta biyar ta kawo masa kunu, ta ajiye, ba ta tafi ba.

"Baba, ginshiƙi na goma sha ɗaya ne."

"Wane ginshiƙi?"

"Na katanga. In ka fara daga kusurwar da ke kallon titi, ta waje. Kaburbura uku ne tsakaninta da bango, ita ce ta huɗu."

Ya juyo a hankali. "Wa ya gaya miki?"

"Ranar da aka kai ta na bi ku a baya. Na zagaya ta waje ina bin muryoyi har na zo inda nake jin shebur. Na ji ka kana cewa a sassauta, a sassauta. Na ƙirga ginshiƙan, na karce wurin da makulli. Da kuka dawo na tambayi Yaya Yahuza mutum nawa ne tsakaninta da bango, ya ce uku."

"Ni?" in ji Yahuza daga bakin ƙofa. "Wallahi ban tuna ba."

"Kai ba ka da dalilin tunawa, Yaya. Kai ana barinka ka shiga. Ni duk Alhamis in na kai ɗinki nan nake biyawa in tsaya."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Abin da ya fito daga bakinsa ba godiya ba ce.

"Wata guda ina yawo kamar mahaukaci, kina kallona?"

"Sau biyu na fara, Baba. Ka ce in je in duba tukunya."

Ya ɗauki kunun ya sha duka.

Da safe suka tafi su uku. Sadiyya ta ɗauki sandar goge-goge da wani tsohon ɗankwalin uwarta mai ruwan goro. Ta sauka a kusurwa ta bi katanga ta waje. Maza suka shiga ta ƙofa. Malam Usuman ya tsaya ya ɗaga kai, yadda ya saba. Can sai ga ɗankwali ya leƙo ta saman bango, yana rawa a kan sanda.

"Yalla, Baba, ga ta can," in ji Yahuza.

"Na gani. Ba makaho ba ne ni."

Ya bi ta gefen bango har ƙarƙashin ɗankwalin, ya juya ya ƙirga da bakin sanda. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ya tsaya. Dutsen kan yana da ɗan tsagi a gefe, tsagin da ya gani kusan sau dubu bai san ya gani ba. Ya yi sallama. Sannan ya dubi hannun dama.

Babu fili. Kabari ne, ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba, da sababbin duwatsu biyu. A gefe ga wani ƙaton dutse da aka fasa aka jingine.

Ya aika Yahuza ya kira Abdulghaffar. Mai gadin ya zo yana goge hannu a riga. Ya ce wata uku ke nan. An zo da injin fasa dutse ana cike giɓin da aka tsallake a dā. Shi bai san wannan ne wurin ba, ai Malam bai taɓa nuna masa da hannu ba, kullum dai yana cewa akwai dutse.

"Wane ne a ciki?"

"Wani lebura ne daga tasha. Abokan aikinsa biyu suka kawo shi. Ba shi da kowa a nan."

"Ana zuwa masa?"

"Ban ga kowa ba."

Malam Usuman ya buga sanda a ƙasa sau biyu. Yahuza ya matso, ya kama hannunsa, ya ce a hankali, "Baba, in kana so in rantse zan roƙa a sa ka a wannan ɓangaren, ko kusa, zan rantse yanzu."

"Riƙe rantsuwarka. Lokacin da take da amfani ka hana ni."

Ya zare hannunsa. Daga bayan bango muryar Sadiyya ta taso. "Baba, kun same ta? Hannuna ya gaji."

"Mun same ta. Kada ki sauke."

Ya yi wa Bashira addu'arta cikakkiya. Ya juya zai tafi, ya tsaya, ya yi tsaki, ya dawo ya ɗaga hannu a kan sabon kabarin. Addu'ar gajera ce, kuma fuskarsa a murtuke, amma ya yi ta. Da ya shafa sai ya ce wa mai kabarin, da Hausa, "Ka iya zaɓen wuri."

Daga nan ya nufi ƙofa yana ƙirgawa da ƙarfi, kansa a ƙasa. Taku ɗari da arba'in da shida, da sanda. Ya sa Yahuza ya rubuta a waya, ya sa Abdulghaffar ya maimaita, ya zo mota ya gaya wa Sadiyya.

Yanzu ba ya maganar inda za a sa shi. Idan baƙo ya tsokano labarin Annabi Yakubu, ya kan kai har inda tsohon ya sauka Masar, sai ya ce ya gaji. Amma duk Juma'a ana saukar da shi matakala ashirin da uku, Sadiyya tana biye da sanda da ɗankwali, ko da yake ya riga ya haddace takunsa. Ya ce ƙafa tana ƙarya. A mota yana yi mata faɗa cewa ba ta ɗaga sandar sosai, ita kuma tana cewa bangon ne ya yi tsawo. Ya kan yi addu'a biyu, doguwa da gajera. Kwanan baya wani sabon maƙwabci ya tambaye shi 'ya'yansa nawa. Ya ce biyar, ya ci gaba da ƙorafi a kan matakala.